Ɗiyata za ta tafi karatu Kanada, wane kaya zan zuba mata a akwati?

"Salamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune Sabon Zongo a nan Accra. Ɗiyata ta samu gurbin karatu a Jami'ar Manitoba da ke Winnipeg a Kanada, biza ta fito alhamdulillah, ƙarshen Agusta za ta tashi. Kowa sai tsorata mu yake da sanyin garin. Babanta ya ce in shiga kasuwar gwanjo ta Kantamanto in kwaso mata manyan jaket uku ko huɗu da bargo mai kauri, ƙanwata kuma ta ce kar in sayi komai sai ta je can. Akwati biyu kawai aka ba ta, kilo 23 kowanne. Yarinyar ba ta fita sai da hijabi da abaya. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, me zan saya a nan, me zan bari?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah ya sa ta je a sa'a ta dawo da abinda ta je nema. Tambayar nan kamar ni aka yi wa ita, sabida a Winnipeg ɗin na yi shekara shida, daga 2016 zuwa 2022, kuma kafin in tafi a rumfar gwaggona na tashi a Kantamanto, ina taya ta fasa dila tun da asuba kafin in wuce makaranta daga Nima. Toh kinga gwanjon na san shi, sanyin ma na sha shi har na ƙoshi.

In na fahimce ki, kilo 46 ne a hannunki, kuma kina so ki san wanne ya cancanci ya ci kilon nan, wanne kuma za a bari sai an sauka. A gajarce ƙanwarki ta fi Alhaji kusa da gaskiya, amma ita ma ba duka ta faɗa daidai ba. Manyan kayan sanyi guda biyu, wato babbar jaket da takalmin ƙanƙara, a can ake sayensu. Sauran kuwa akwai da yawa da in ba ki saya a nan ba, ko dai ta saye su da tsada ko ta neme su ta rasa.

Wane irin sanyi ake magana a kai

Mu a nan idan hunturu ya shigo a Disamba, hazo ya rufe gari, leɓe ya fara tsagewa, sai ki ga mutum ya saka suwaita ya ɗaura rawani ya je layin koko yana rawar ɗari, alhali awon bai sauka ƙasa da digiri 22 ko 23 ba. Wancan na Winnipeg wani abu ne daban. A watan Janairu matsakaicin awon garin yana wajen digiri 16 ƙasa da sifiri, da dare kuma ya kan wuce 20. Don ki gane lambar nan, firizar da kike daskarar da ruwan leda da nama a gida, wajen 18 ƙasa da sifiri take aiki. Wato a cikin firizarki za ta riƙa jiran bas. A ƙarshen Janairun 2019 ina can awon ya kusa taɓa 40 ƙasa da sifiri, ranar nan gashin idona ya yi fari da ƙanƙara kafin in kai bakin titi, cikin hanci kuma sai ki ji kamar an manne shi da gam.

Sai maganar iska. Garin a shimfiɗe yake, ba tudu ba dutse da zai tare ta, shi ya sa idan ta duba yanayi a waya za ta ga lamba biyu, ɗaya awon gari, ɗaya yanda jiki zai ji shi idan an haɗa da iska. Ta biyun ake bi wajen saka kaya. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan lambar iskar nan ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifiri, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, idan ta kai 40 kuwa minti 5 zuwa 10 ya isa. Kunne, hanci, kumatu, yatsun hannu da na ƙafa, su ne ke fara cin wuya.

Yanzu ga abinda zai kwantar miki da hankali. Duk wannan ba shi za ta tarar ba ranar da ta sauka. Ƙarshen Agusta garin da ɗumi, da rana ana wuce digiri 20, Satumba sai safiya da dare su yi sanyi, Oktoba ne za ta fara jin ta bar gida, dusar ƙanƙara kuma galibi sai Nuwamba take zama a ƙasa ta ƙi narkewa, ta zauna har Maris ko Afrilu. Toh tana da kusan wata biyu na ta saba da gari, ta ga abinda mutane ke sakawa, ta je shago ta gwada a jikinta. Abu na biyu, ko'ina a ciki akwai hita, ɗaki, aji, laburare, bas, masallaci, duk wajen digiri 20 zuwa 22 ne, har jami'ar da za ta ma tana da hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa da suka haɗa gine-gine da yawa. Wahalar ita ce shiga da fita, ki fito daga ɗumi ki faɗa firiza na minti 15, ki shiga bas mai zafi, ki sake fita. Kayan da za su yi aiki su ne waɗanda za a iya cirewa a mayar cikin sauƙi.

Kuskuren da na yi

Lokacin da zan tafi, gwaggona ta ware min wani baƙin kot na ulu daga zaɓin farko, dogo har gwiwa, da manyan maɓallai, nauyinsa ya kusa kilo uku. Duk wanda ya ɗaga shi a gida sai ya ce ai wannan ko ƙanƙara ta gan shi sai ta gudu. Na cire takalma biyu da atamfa ɗaya daga akwati don ya samu wuri. A Oktoba ya yi min aiki, na riƙa yabon kaina. Tsakiyar Nuwamba ina tsaye a tashar bas da safe, iska ta bi ta tsakanin maɓallan ta shiga, ta bi ta hannun rigar, ta bi ta wuya, wallahi ji na yi kamar babu komai a jikina, hawaye na zuba ba don ina kuka ba. Ba laifin gwaggo ba ne, ni da ita duk da nauyi muka auna ɗumi. Kot ɗin na Ingila ne, kuma da yawan dilolin da ke shigo mana daga can suke, an yi shi ne don garin da ake yayyafi da sanyin digiri 5, ba shi da zif, ba shi da hula, saƙarsa kuma iska na ratsawa.

Abinda ke ɗumama mutum ba nauyin tufa ba ne, iskar da tufar ta riƙe kusa da jiki ce, wadda zafin jikinki ya ɗumama ta kuma ba ta samu hanyar gudu ba. Shi ya sa ake saka kaya hawa uku. Na ciki mai kama jiki, riga da wando da ake ce wa tamal, aikinsa ya janye gumi daga fata. Na tsakiya, suwaita ko filis (rigar sanyi mai laushi marar nauyi), shi ke riƙe ɗumin. Na waje kuma ya tare iska da jiƙa. Siraran riguna uku da aka jera haka sun fi ƙatuwar jaket ɗaya a kan singileti nesa ba kusa ba.

Kuma a kula da auduga. Mu da muka tashi a zafi mun san auduga ita ce sarauniyar yadi, tana shan gumi tana sanyaya jiki, toh wannan alherin nata shi ne sharrinta a can. Za ta yi sauri don kar bas ya wuce ta, ta yi gumi a cikin jaket, rigar audugar ta sha gumin ta riƙe, sannan ta tsaya a iska da jiƙaƙƙiyar riga manne a bayanta. Na ciki ya zama foliyesta ko ulun merino. Merino ya fi daɗi kuma ba ya saurin wari, sai dai tsada. Safa ma haka, ta auduga ba ta hunturu ba ce.

Abinda za ki saya a nan

Hawan tsakiya shi ne inda Kantamanto ke da riba sosai. Filis mai zif guda biyu, suwaita biyu ko uku, irin rigar nan mai hula da yara ke sakawa guda ɗaya, wandon jins biyu ko uku masu ɗan yalwa yanda tamal zai shiga ƙarƙashi ba tare da ya matse ta ba, riguna masu dogon hannu kamar biyar. Sai jaket guda ɗaya tak, matsakaiciya marar nauyi, mai zif da hula, wadda iska da yayyafi ba sa ratsawa, ita za ta riƙe ta daga Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, kuma za ta sake amfani a Afrilu da Mayu. Ɗaya fa Hajiya, ba huɗu ba.

Ki je da ita kanta, ki je da sassafe lokacin da ake fasa dila kafin masu shaguna su tsince na kirki. In kin ɗauki suwaita kar ki tsaya a kyan gaba, ki juya cikinta ki nemo 'yar takardar da ke ɗinke a gefe, a nan ake rubuta ko ulu ce ko akirilik da kason kowanne. Ki ɗaga ta sama ta fuskanci haske, ƙananan hujin da asu ya ci nan take za su bayyana. Ki duba hammata da bakin hannu da wuya, nan tsufa ke fara nunawa. Zif kuwa ki ja shi sama da ƙasa sau uku ko huɗu, sabida gyaran zif da telan unguwa zai yi miki da 'yan sidi kaɗan, a can kuɗinsa zai iya fin kuɗin rigar. In kin ci karo da tamal mai kyau ki ɗauka, biyu sun isa a fara, amma na ciki ni na fi son sabo. Duk abinda kika sayo a wanke shi, a shanya ya bushe ƙarau kafin ya shiga akwati, Agusta a Accra iskar da laima, kayan da aka naɗe da ɗanshi warin fumfuna za su yi kafin a isa.

Za ki iya ganin manyan jaket masu kumbura a kasuwa, mai kaya ya rantse miki cewa daga Kanada suka zo. Wataƙila ma gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce waɗanda aka cika da gashin agwagwa, in sun daɗe a matse cikin dila ko an yi musu mugun wanki, gashin yana dunƙulewa wuri ɗaya ya bar wasu wurare fayau, daga waje ba za ki gane ba sai kin lalluba kin ji wani wuri curi wani wuri yadi biyu kawai. Ga cin wuri, jaket ɗaya za ta iya cinye rabin akwati.

Abinda za a bari sai can

Babbar jaket ɗin hunturu, wadda suke kira parka (a kula da harafin farko, kar Alhaji ya ji an ce za a nemo wa ɗiyarsa farka). Ta nemi doguwa wadda ta sauka aƙalla tsakiyar cinya, in ta kai gwiwa ya fi, mai hula mai zurfi da za ta rufe har gefen fuska a kan hijabi, zif ɗin da wani yadi ya rufe shi ta sama, bakin hannu mai roba a ciki. Ta gwada ta da suwaita a jiki, ta ɗaga hannu sama, ta zauna, in ta matse ba tata ba ce, don matsi yana kore iskar da ake so a riƙe. Kar ta bari sunan kamfani ya ruɗe ta, Canada Goose tana wuce dala 1,000 kuma ɗalibi ba ya bukatarta, ni da Columbia na ƙare shekaruna.

Takalmi shi ne abinda ban yarda a yi masa rowa ba. But, wato takalmin ƙanƙara, mai rufi a ciki, wanda ruwa ba ya shiga, ya haura idon sawu, ƙasansa roba mai manyan haƙora sabida santsi. Sorel, Kamik, Baffin, waɗannan sunayen za ta riƙa gani. Ta ƙara rabin lamba ko lamba ɗaya a kan wadda take sakawa, ta gwada da safar ulu mai kauri, yatsu su samu wurin motsi, takalmin da ya matse jini ba ya zagayawa, ƙafa ta fi saurin yin sanyi ko da an rubuta a kwalinsa cewa yana jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri. Lambobin nan da ake rubutawa ma kamfani ne ke faɗin nasa, a ɗauke su a matsayin nuni kawai. Safar hannu kuma ta ɗauki irin wadda yatsu huɗu ke zama a ɗaki ɗaya, ta fi mai yatsu rarrabe ɗumi sosai, sai hular ulu da abin rufe wuya da za a iya ja har hanci.

Wuraren saye suna da yawa. Value Village da shagunan Salvation Army gwanjo ne irin namu sai dai a rataye, kuma gwanjon garin sanyi ne, abinda mutanen garin suka saka suka bayar. Akwai Winners, Walmart, Mark's, Sport Chek, da manyan kasuwanni irin Polo Park da St. Vital. Za ta ji ɗalibai na cewa a jira ragin Black Friday a ƙarshen Nuwamba ko na 26 ga Disamba. Ragin gaskiya ne, amma sanyin Winnipeg ba ya jiran ragi, parka da but su shiga hannu kafin Oktoba ya ƙare, ƙarin tamal da safa su ne za a iya jira da su. Shawarata a ware mata kamar dala 400 zuwa 600 na Kanada a ajiye gefe da sunan kayan sanyi kaɗai, kuɗin da Alhaji ya yi niyyar kashewa a jaket huɗu da bargo a canza shi a ƙara a ciki. Kuma ki gaya mata farashin da ke jikin kaya ba shi ne ƙarshe ba, a Manitoba sai an je biya ake ɗora haraji kashi 12 cikin ɗari, ni ranar farko na ɗauka cutata aka yi.

Hijabi da abaya

Nan ne na fi so ki saurare ni, sabida masu ba da shawara da yawa ba su san wannan ɓangaren ba. Mai hijabi tana da riba a can, kunne da wuya a rufe suke tun daga gida, kuma a hunturu kowa ma a lulluɓe yake, ba wanda zai kalle ta. Amma siraran gyalen shifon da muke so a nan iska wasa take da su. Ki saya mata na yadin jesi mai ɗan kauri da miƙewa, kamar shida zuwa takwas, launuka masu shiga da komai, da hulunan ciki da yawa. Waɗannan a Nima ko Makola za ki same su da araha da zaɓi, a can kuwa sai an yi oda ko an biya ninki. Ranar tsananin sanyi hular ulu ake ɗorawa a kan hijabin, sannan hular parka a sama. Fil na ƙarfe a ƙarƙashin haɓa yana yin sanyi ya riƙa cizon fata, haka 'yan kunne, gara hijabin da ake zurawa kawai.

Abaya kuwa matsalarta tsawo. Ana zuba gishiri da yashi a tituna sabida santsi, idan ƙanƙarar ta ɗan narke sai ta zama wani baƙin caɓi, abayar da ke jan ƙasa za ta sha shi, ta bushe da farin layi a gindi, in ta jiƙe kuma ta daskare ta riƙa dukan ƙafa kamar kwali. Ta farko da na je da ita, mai duwatsu a hannu, sati uku ta yi ta mutu. Ki kai wa tela guda biyu ko uku na yau da kullum ya rage musu tsawo su tsaya a idon sawu, daidai inda but zai karɓa, yadin ya zama mai ɗan nauyi marar ado, da yalwar da tamal da suwaita za su shiga ciki. Masu tsada na fita biki a bar ɗaya kawai. Yawancinmu daga baya doguwar riga zuwa gwiwa da wando mai faɗi muka koma sakawa a hunturu, da doguwar parka a sama, sutura ta cika kuma ba a jan caɓi.

Sai alwala. A Disamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe huɗu da rabi, hasken yini awa takwas ne da ɗan kai, azahar da la'asar da magariba duk a makaranta za su same ta, kusa da kusa. Ta riƙa yawo da ɗan ƙaramin tawul a jaka, ta goge ƙafa da hannu su bushe sosai kafin ta mayar da safa, kuma kar ta fita da jiƙaƙƙiyar fuska ko gashi. Za ta ga wasu 'yan'uwa na shafa a kan safa, mu a Malikiyya da mafi yawanmu muke bi huffin fata aka sani, toh ta zauna da malaminku kafin ta tafi ya warware mata hukuncin, in huffin za ta yi amfani da shi a nemo tun daga nan, wannan fagen malamai ne ba nawa ba.

Kayanmu na gida

Kar tsoron sanyi ya sa a manta da su. A 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah a watan Maris take faɗowa, lokacin Winnipeg ba ta gama fita daga ƙanƙara ba, kuma ranar idi duk wanda kika gani a babban masallacin da ke titin Waverley ya ci ado da kayan ƙasarsu a ƙarƙashin parka. A ɗinka mata kala biyu ko uku, atamfa ɗaya, leshi ko shadda ɗaya, a gaya wa tela ya bar yalwa a hannu da ƙugu sabida tamal, kuma yawancin yara suna ƙara ƙiba a shekarar farko. Ƙungiyoyin ɗaliban Afirka ma suna yin taro, ranar 6 ga Maris, ranar samun 'yancin kai, 'yan Ghana ba sa bari ta wuce haka nan, a nan ne za ta ji daɗin ta zo da nata. Ki ja mata kunne kar ta jefa shadda ko leshi ko suwaitar ulu a injin busar da kaya, suwaita za ta fito ta zama ta ɗan yaye. Zannuwa biyu na ɗaurawa a ɗaki, silifas na wanka, da kayan zafi kaɗan, don Yuli a can akwai zafi da sauro kamar me.

Man kaɗe ki cika mata roba babba, a ɗaure a leda biyu a saka a akwatin da za a auna. Hita tana busar da iskar ɗaki fiye da hunturunmu, fata ta yi fari, dunduniya ta yi faso, wani har haɓo yake yi, kuma ɗan kwalbar man kaɗe a can kuɗinsa sai ki riƙe baki. A haɗa da sabulun salo da soson wankanmu mai raga guda biyu. A yi mata kitso mai daɗewa ana jibi tafiya, kitso a can da alƙawari ake yi kuma da dala.

Bargo a bar shi, ɗakin da ɗumi, kuma za ta samu a Walmart ranar da ta sauka, da zanen gado daidai girman katifar da aka ba ta. Dutsen guga ma a bari, wutarmu 230 ce tasu 120, ba zai yi zafin kirki ba, bakin soket ɗin ma daban ne, caja ta waya da ta kwamfuta dai suna ɗaukar duka biyun, adafta kawai za ta saya. Ledar nan da ake zuƙe wa iska tana rage kumburi amma ba ta rage kilo, mutane da yawa sun ga akwati ya samu wuri sun yi ta cusawa har sai da aka tsayar da su a sikeli a filin jirgin Accra suna zazzage kaya a ƙasa. Kuma tunda na san halinmu, kilishi da duk wani nama kar ya shiga, Kanada ba ta wasa da wannan, sauran abinci kuma duk abinda ta ɗauka ta bayyana shi idan an tambaya.

Duk abinda na faɗa na Winnipeg ne da garuruwa irinta, Saskatoon, Regina, Edmonton. Wanda ke karantawa ɗansa Vancouver zai tafi ko Ingila, can ruwan sama ne matsalar, rigar ruwa mai kyau ta fi masa parka mai nauyi. Wanda kuma zai fara a zangon Janairu, lissafin ya juye, dole ya sauka da jaket mai kauri da hula da safar hannu a hannunsa, ko wanda zai tarbe shi ya zo masa da su filin jirgi. In kuma yarinyar tana da sikila ko asma, sanyi yana tayar da su duka biyun, ta ga likitanta kafin tafiya a tsara mata magani da takardar bayanin lafiyarta, wannan ya wuce maganar akwati.

Ranar tafiya ta saka jins da rufaffen takalmi da safa, filis ɗaya da matsakaiciyar jaket ɗin ta riƙe su a hannu ba sai sun ci kilo ba, cikin jirgi da filayen da za ta canza jirgi akwai sanyin na'ura. A jakar hannu a saka kaya canji ɗaya, hijabi biyu da kayan ciki na kwana biyu, sabida tafiyar da za a canza jirgi sau biyu akwati kan makara ya biyo baya. Ku auna akwatunan a gida tun ana saura kwana uku, ko da sikelin mai sayar da shinkafa ne, kowanne ya tsaya a kilo 22, don na san daren ƙarshe sai wata gwaggo ta shigo da kwalbar shito, soyayyen yajin nan namu, ta ce lallai sai an saka.